Kowa da Rezarsa: Jawabi ga Masu Fara Aski da Ruwa da Sabulu



Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam Liman. Sarkin Aska da jama'arsa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke saurare daga bayan zana, da ku samari da kuka cika gefen can, barkanmu da yamma. Na ga baƙi daga ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗi, wasu daga Karofi da Shema, wasu daga Birchi da Rawayau. Sannunku da hanya.

Aski ne ya tara mu yau. Na san akwai mai cewa a ransa, yanzu duk matsalolin da ke damun ƙasar nan a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai aski? A yi mani haƙuri kaɗan. Abin da ake ɗora wa mutum a wuya duk mako, kuma yana iya fitar da jini, ya isa a zauna a yi maganarsa.

Samarinmu na yanzu da kilifa suka tashi. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun kafin ta, shagunan aski suka yawaita a gari, ƙauyuka ma suka ɗauka. To kilifa sai da wuta, wuta kuwa kun san halinta. Daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, tayar da janareta ya zama aiki, kuɗin aski ya bi shi ya hau. Shi ya sa yara da yawa suka koma sayen reza a teburin mai kanti suna yi wa kansu. Komawar ba laifi ba ce, ni ina ma goyon bayanta. Matsalar ita ce sun koma ba tare da kowa ya koya masu ba. Za ka ga yaro ya riƙe reza tsirara da yatsu biyu, fuska a bushe, yana kankara, ya fito da haɓa duk tsaga.

Askin ruwa da sabulu ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin kowa ya ga kilifa a Katsina, wanzami na zagaya gari da zabirarsa, da aska da dutsen wasawa da ɗan ƙoƙon ruwa, yana yi wa mutum ƙwal a gindin bishiya ba tare da ɗigon jini ba. Ita rezar nan mai baki biyu da muke saye, wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fara sayar da irinta a 1903. Dabararsa ita ce a daina wasa aska, a yi wani ɗan gida na ƙarfe mai mariƙi, a saka reza a ciki a ɗaure, bakinta ya leƙo kaɗan kawai, in ta dakushe a canza wata. Da wannan nake ba mai farawa shawara ya fara. Askar wanzami ta masu hannu ce, shekaru ake yi ana koyonta a gaban uba ko maigida. Reza tsirara kuwa ba ta kowa ba ce, ku daina.

Kayan ba su da yawa: gidan rezar, rezoji sababbi a cikin takardarsu, sabulu, madubi, da tawul ko tsumma mai tsabta wanda naka ne kai kaɗai. In ka samu burushin kumfa, madalla. In babu, tafin hannu ya isa. Sabulun wanka mai laushi ko sabulun salo duk suna yi. Omo da sabulun soda na wankin kaya ne, kada su taɓa fuska.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku, don a nan aikin yake. Rabin aski ruwa ne. Gashin gemu a bushe yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi cikin sauƙi. Ku lura da wanzami: ba ya zare aska sai ya daɗe yana murza kai da ruwa, har ka ƙosa. Ba ɓata lokaci yake ba. Don haka lokacin da ya fi dacewa da aski shi ne bayan wanka, ko kuwa ka tsoma tawul a ruwan ɗumi ka ɗora a fuska. Daga nan ka tayar da kumfa mai kauri da santsi. In ta bushe kana tsakiyar aiki, kamar yadda take yi da hunturu, tsaya ka sake jiƙawa. Kada reza ta bi wurin da babu kumfa.

Kafin ranar farko, bar gashin ya yi kwana biyu, sa'annan ka shafa shi da yatsa ka gane inda ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya kowa da nasa, na wani ma juyawa yake. Inda ya kwanta, nan reza za ta bi. Ka ɗora kan gidan rezar a fata, ka sauko da mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Nan ne daidai. Kada ka danna. Nauyin ƙarfen kansa ya isa. Dannawa ce ke kawo yanka da raɗaɗi. Ja gajere-gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka ɗauraye, ka ci gaba. Kuma kada ka kuskura ka ja reza a kaikaice, ta gefen bakinta, don wannan yanka ne kai tsaye. Wajen maƙogwaro, ja fatar gefe kaɗan ka aske, kada ka bi ta kan ƙashin.

Wani gargaɗi na musamman gare mu. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka aske shi ƙwarai har ya nutse ƙasa da fata, musamman in an bi shi ta baya ko an ja fatar da ƙarfi, lokacin da zai fito sai ya lanƙwashe ya soki fata ya koma ciki. Shi ne ƙurajen nan da ke fesowa a haɓa da wuya bayan kwana biyu, masu ƙaiƙayi, su bar baƙin tabo. Wasu a ƙeya suke samunsu, su taru su yi tudu mai tauri wanda ba ya bajewa da kansa. Mutane na cewa askar wane ce ba ta karɓe shi ba. Sau da yawa ba askar ba ce, neman santsin da ya wuce kima ne. Mai farawa ya bi kwanciyar gashi sau ɗaya, in bai gamsu ba ya sake kumfa ya maimaita, ya tsaya nan. In ƙuraje sun fito, a huta da aski har su warke, kada a bi ta kansu, kada a tsokane su da allura. Wanda nasa suka fara tudu a ƙeya ya je asibiti da wuri.

In ka gama, ɗauraye da ruwan sanyi. Alif ɗin nan da muke kwantar da ruwan rijiya da shi, in ka jiƙa guntunsa ka shafa, yana tsayar da ɗan jini ya kame fata. Shi ma kowa da nasa. Sai ka shafa man kaɗe kaɗan. In ka yanke, danna wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. Ba toka, ba ƙasa, ba man birki, ba baƙin batir. Reza ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar. Da ka ji ta fara jan gashi maimakon yankewa, ta gama aiki. Mai tsatsa kuwa ko sau ɗaya kada ta hau jikinka. Masu ciwon suga su ƙara kula, don rauninsu ba ya saurin warkewa.

Maganar gemu, a aske ko a bari, ga Malam nan, ba hurumina ba ne. Amma ko mai gemu har ƙirji yana buƙatar reza, tunda addini ya umarce mu da rage gashin baki da kawar da na hammata da na mara, kuma ruwayar Muslim ta iyakance kada a wuce kwana arba'in. Wannan ya shafi maza da mata duka.

To, yanzu abin da ya fi komai kawo ni. Akwai ciwon hanta nau'in B. Ƙwayarsa a jini take, kuma tana iya rayuwa a busasshen jinin da ido ba ya gani, a bakin reza ko aska, har kwana bakwai ko fiye. Ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, kusan takwas cikin ɗari na ɗauke da ita. Ku dubi taron nan ku yi lissafi da kanku. Mafi yawansu ba su sani ba, lafiya lau suke noma suna kasuwa. Sai bayan shekaru ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu, alhali hanta ce ta lalace. Mai ɗauke da ita ba ɗan iska ba ne, ba kuma a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa. Amma ta reza ana ɗauka. Wa da ƙane, uba da ɗa, miji da mata, abokai a ɗakin samari: kowa da rezarsa. Rowa a nan halas ce.

Sarkin Aska, Allah ya ja kwana, ban zo rage maku daraja ba. Ku kuka yi mana askin suna, ku kuka yi mana kaciya, kuma har gobe hannunku ya fi namu. Amma an ce wanzami ba ya son jarfa, to ku yi haƙuri yau ta zo kanku. Goge aska a tafin hannu ko a fata yana gyara kaifi, ba ya kashe cuta. Shafa kananzir ko fetur, ko wuce ta ta kan wutar ashana sau ɗaya, duk ba su isa ba, kuma masu kilifa ma da ku nake. In askar gado ce, a wanke ta da sabulu tas, a tafasa ta minti ashirin kafin ta hau kan wani. Wanda ya ga hakan zai yi wuya ranar kasuwa, akwai aska ta zamani da ake saka wa rabin reza: hannunka na nan, gwanintarka na nan, mutum ɗaya baki ɗaya, a ɓare takardar a gabansa. Alhazan da ke nan za su shaida, a Mina hukumomin Saudiyya abin da suke buƙata ke nan daga masu askin da suka ba izini. Mu kuma masu zuwa aski, in wanzami ya ƙara kuɗin reza a kan ladansa, mu biya ba gunaguni.

Iyayenmu mata, ranar suna ku ke riƙe da jariri. Ku ce a kawo sabuwar reza, ba rashin kunya ba ne. Babba in ya kamu da wannan ciwo, galibi jikinsa kan kore shi; jariri kuwa, tara cikin goma sukan zauna da shi har girma. Rigakafinsa na cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, wato tun kafin wanzami ya zo. Ko a gida aka haihu, a kai yaro asibiti a ranar.

Malaman tsangaya, ranar Alhamis in almajirai sun zauna yi wa juna aski, a duba kada reza ɗaya ta zagaye kai goma. Ta haka makero ke bin yara. Shi kuma makero na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, wanda ma'aikacin lafiya zai rubuta.

Aski ya zo gaban goshi, saura abu ɗaya. Tsohuwar reza ba a yar da ita a bola ko a soke ta a jikin katanga, don yara na tsinta su fiƙe fensir ko su yanke farce. Samu gwangwanin madara, huda masa ɗan baki, ka riƙa jefa su ciki; in ya cika ka toshe ka binne da zurfi inda garma ba ta kai.

Duk wanda aka haifa kafin 2004, da wuya a ce ya samu rigakafin ciwon hanta yana yaro. Ina roƙonku, wanzamai a gaba, ku je Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi ku nemi gwajin ciwon hanta. Ɗigon jini ne daga yatsa. Wanda ba shi da shi ya tambayi inda zai samu allurar. Guda uku ce cikin wata shida, kuma sai an cika ta. Wanda aka samu da shi kada ya firgita, akwai maganin da ke danne ƙwayar, likita zai duba ko yana buƙata, a kuma gwada iyalinsa. Samari kuma, kafin ku ɗora reza a fuska karon farko, ku je ku zauna kusa da Sarkin Aska ku kalli hannunsa. Ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.