Bayan an bar makaranta: reshen Xi Omega na birnin Washinton



A watan Janairun 1908 wasu 'yan mata baƙar fata a Jami'ar Howard da ke Washinton suka kafa ƙungiya mai suna Alpha Kappa Alpha, Ethel Hedgeman ce a kan gaba. Na san da jin ƙungiyar ɗalibai mai suna da harufan Girka wasu za su ce ta asiri ce. A'a. Wannan rajista gare ta tun 1913, kuma Kamala Harris, wadda ta yi mataimakiyar shugaban Amurka, 'yar ƙungiyar ce. Sai dai ni ba 'yan makarantar ne suka ja hankalina ba. Ƙarfin ƙungiyar yana hannun waɗanda suka kammala, suka kama aiki, suka yi aure, amma ba su saki igiyar ba.

A ƙa'idarsu, reshen tsofaffin ɗalibai sunansa da Omega yake ƙarewa. Na Washinton, Xi Omega, a 1923 aka buɗe shi, lokacin da baƙar mace, kome iliminta, aikin da ya fi buɗe mata ƙofa shi ne koyarwa a makarantun baƙaƙe. Ranar taro za ka gan su cikin ruwan hoda da kore, launin ƙungiyar ke nan, kowacce da alamar ganyen aibi a ƙirji. A karanta rahoton zaman baya, ma'aji ta faɗi abin da ke cikin asusu, kwamitoci su kawo nasu. Aiki ne maras armashi, amma da shi ake biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin makaranta, da shi ake zuwa dubiya da ta'aziyya.

Daga irin wannan zama ne Norma Boyd, malamar makaranta kuma ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyar, ta kafa a 1938 wata majalisa da ba ruwanta da jam'iyya, aikinta bin 'yan majalisar dokokin Amurka ofis-ofis kan haƙƙin baƙaƙe. Shekara goma majalisar tata ta yi tana aiki.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne aikin da aka yi a jihar Misisifi. A 1935 uwar ƙungiya, ƙarƙashin Ida Jackson, ta tura ayarin masu aikin lafiya ƙarƙashin Dakta Dorothy Ferebee, likita a Washinton, zuwa gundumar Holmes, ƙasar auduga. A motocinsu suka tafi. Suka buɗe wuraren duba marasa lafiya, shiru kake ji. Ashe masu gonaki Turawa sun hana 'yan ƙwadagonsu fita. Matan nan ba su tattara sun koma gida ba. Suka loda magani da allurai a mota, suka bi gona-gona, a ƙofar coci ko a gindin bishiya, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo. Haka suka riƙa komawa Misisifi duk lokacin hutun zafi, har yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin.

Ba a rasa masu suka ba. An daɗe ana cewa ƙungiyar ta 'yan boko ce masu hannu da shuni, kuma an sha kuka kan wahalar da ake ba sababbin shiga a wasu jami'o'i, abin da ita kanta uwar ƙungiyar ta haramta. Akwai gaskiya a ciki.

To, 'yan uwana mata na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke zauren nan, anko da walimar shekara ba laifi ba ne. Amma a zamanku na gaba ku tambayi ma'aji nawa ne a asusu, kuma yarinya nawa ya kai makaranta bana.