Matsayin Dangi Wajen Jinyar Mai Ciwon Damuwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba nauyin da yake kan dangi idan ciwon damuwa ya kama ɗan'uwansu, musamman a karkara irin ta Madadi da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Alal misali, magidanci ya daina zuwa gona ana tsakiyar damina, ya ƙaurace wa majalisa, barci ya gagare shi, abinci ya fita ransa. Ko kuma maijego ta riƙa kuka ba dalili, ta kasa kula da jaririnta, a ɗauka kunyar ɗan fari ce. Idan irin wannan hali ya kai mako 2 bai sassauta ba, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai magani. Amma sau da yawa sai a ce lalaci ne, ko sammu, ko raunin imani. Daga nan a bi shi da "yi haƙuri", kalmar da takan rufe bakin majiyyaci tun bai fara magana ba.

Darajar dangi a wannan fanni ba sabon zance ba ne. A shekarar 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta, kowane majiyyaci tare da ɗan'uwansa. Wannan tsari ya yi suna a duniya.

To, me ya kamata dangi su yi? Na farko, su saurara ba tare da faɗa ko gori ba. Na biyu, su raka shi asibitin Gwarzo, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a ba ta hana neman magani. Na uku, su sani maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a yanke shi ba da izinin likita ba. Na huɗu, idan ya ambaci gajiya da rayuwa, lalle ne a ɗauke maganin ƙwari daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya asibiti a ranar.

Daga ƙarshe, mai jinya ma yakan gaji. Sai a riƙa karɓa-karɓa tsakanin 'yan'uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.