Alheri, Baftisma da 'Yanci daga Zunubi: Nazari a kan Romawa Sura ta 6



Tambaya guda ce ta haifi wannan takarda. Me ya faru da mutum ranar da aka yi masa baftisma, kuma me ya sa da yawa daga cikinmu muke fitowa daga ruwa mu ci gaba da zama kamar har yanzu zunubi ne yake riƙe da akalarmu? Zan kafa maganata a kan sura ta 6 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, in leƙa tarihin ikkilisiya kaɗan, sannan in dawo kan abin da muke yi a majami'unmu.

Zargin da aka yi wa Bulus

Bulus ya rubuta wannan wasiƙa daga Korinti wajen shekara ta 57, zuwa ga ikkilisiyar da bai taɓa ziyarta ba. A surori biyar na farko ya nuna cewa Bayahude da wanda ba Bayahude ba duk masu zunubi ne, kuma Allah yana karɓar mai zunubi kyauta, ta wurin bangaskiya ga Almasihu, ba don ayyukan Shari'a ba. A ƙarshen sura ta 5 ya kai maganar maƙura, ya ce komai tarin zunubin ɗan Adam, alherin Allah ya rinjaye shi.

Duk wanda ya ji wannan koyarwa da kunnen basira zai ga inda za a iya karkatar da ita. In dai gafara kyauta ce, kuma ba ta ƙarewa, me zai hana mutum ya sheƙe ayarsa? Bulus ya san da wannan zargi, domin tun a sura ta 3 ya ambaci masu yi masa ƙazafin cewa yana koya wa mutane su aikata mugunta don a samu alheri. Abin lura shi ne yadda ya amsa. Bai rage wa alheri ko ƙwayar zarra ba, bai kuma ɗauko barazanar wuta ba. Ya tuna musu da baftismarsu ne. Ya ce wanda aka yi wa baftisma an haɗa shi da Almasihu cikin mutuwarsa, an binne shi tare da shi, domin ya tashi ya yi tafiyar sabon rai. Mamaci kuwa ba ya amsa kiran tsohon ubangidansa.

Ina roƙon masu wa'azi su lura da tsarin surar. Ayoyi goma na farko labari ne na abin da Allah ya riga ya yi. Umarni bai shigo ba sai a aya ta 11, inda aka ce wa masu bi su ɗauki kansu a matsayin da Allah ya riga ya ajiye su. Bayan haka ne aka ce kada su miƙa gaɓoɓinsu ga zunubi. Mu kuwa sau da yawa muna juya tsarin: mu fara da jerin dokoki, alheri ya zo a ƙarshe kamar ladan wanda ya kiyaye su.

Bawa da ubangiji

Daga aya ta 16 Bulus ya koma maganar bauta, abin da masu karatunsa suka sani sarai, domin birnin Roma cike yake da bayi, wasu kuma suna cikin ikkilisiyar. Mu ma ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. A 1901 Gwamna Lugga ya fitar da dokar da ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na wannan shekara ɗa ne, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. A tsakanin nan dubban bayi sun bi hanyoyi biyu da aka gada. Akwai murgu, inda bawa yake zaman kansa, yana sana'arsa, amma yana kai wa ubangidansa wani abu a kan kari. Akwai kuma fansar kai, inda yake tara kuɗi a hankali har ya biya abin da aka yanka masa a gaban alƙali.

Kiristoci da yawa a cikin waɗannan hali biyu suke zaune. Wani yana zaman murgu: yana zuwa sujada, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma ya yarda a ransa cewa akwai kason da dole ya kai wa tsohon ubangida, ko fasikanci ne, ko cin amanar dukiyar ofis, ko layar da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. In ka tambaye shi ya ce ai ɗan Adam ajizi ne. Wani kuma yana fansar kansa: azumi, zakka, baiko da kwanan addu'a duk sun zama kuɗin da yake tarawa, kullum cikin fargabar ko sun kai. Koyarwar Bulus ta rushe duka biyun. An riga an biya fansa a kan gicciye, ba daga aljihun bawa ba, kuma tsohon ubangida ba ya bin sa ko anini. Sai dai wanda aka fansa ba a sake shi ya zama marar ubangiji ba. Ya koma hannun Allah ne, ya zama mai yi wa adalci hidima da yardar rai.

Abin da magabata suka yi fama da shi

Kuskuren fahimtar baftisma ya daɗe. A ƙarni na huɗu mutane da yawa sun ɗauka wanka ne da ake yi sau ɗaya, wanda yake share zunuban baya kawai, don haka suna jinkirta ta har sai sun gama ƙuruciya. Sarki Kwanstantin bai karɓi baftisma ba sai a gadon mutuwarsa a 337. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya ba da labarin cewa ya yi ciwo mai tsanani yana yaro, aka shirya yi masa baftisma, da ya samu sauƙi sai aka ɗage. Bai shiga ruwa ba sai a Ista ta 387, a hannun Bishop Ambros na Milan.

Wannan Agustin ɗin ne daga baya ya kara da Felagiyus, malami daga Birtaniya wanda ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye dokar Allah da ƙarfin nufinsa, in dai ya ga dama. Ya kamata mu yi wa Felagiyus adalci: sakacin Kiristocin Roma ne ya dame shi, irin sakacin da yake damun fastocinmu yau. Amma maganin da ya kawo ya mai da gicciye misali kawai. Agustin ya tsaya a kan cewa zuciyar ɗan Adam ta kamu tun daga tushe, sai alheri ya fara warkar da ita kafin ta iya son abin da Allah yake so. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kartaj a 418 ta ƙi koyarwar Felagiyus.

To, shin wanda aka yi wa baftisma ya daina sha'awar zunubi ke nan? A nan Katolika da Furotesta sun fi kusa da juna fiye da yadda muke zato. Majalisar Tirent ta Katolika ta ce a 1546 sha'awar nan tana nan bayan baftisma, an bar ta domin a yi yaƙi da ita. Martin Luta a ƙaramin katikisim ɗinsa na 1529 ya koyar cewa baftisma tana nufin a riƙa nutsar da tsohon Adamu kowace rana ta wurin tuba. Sun saɓa a kan ko ita sha'awar kanta zunubi ce, amma babu wanda ya ce yaƙi ya ƙare a bakin rafi. 'Yancin da Bulus yake nufi 'yanci ne daga mulkin zunubi. Jarrabawa za ta zo, mai bi zai iya faɗuwa, amma yanzu yana da ikon cewa a'a, wanda a da ba shi da shi.

Ba zan tsaya a kan yadda ake yin baftisma ba. ECWA tana nutsar da masu bi, EYN tana nutsarwa sau uku kamar yadda ta gada daga mutum takwas da suka shiga kogin Eder a Jamus a 1708, Katolika da Angalikan da Lutaran kuma suna yi wa jarirai. Wannan gardama ta ci rayuka a Turai, har aka nutsar da Felis Manz a Zurik a 1527 saboda ita, kuma ba mu da bukatar gadon wannan ƙiyayya.

Halin da muke ciki

Babban abin da yake damuna shi ne yadda baftisma ta zama kamar takardar kammala makaranta. Mutum ya shiga ajin baftisma wata shida ko shekara, ya haddace amsoshi, dattawa su yi masa tambayoyi, a ba shi kati, shi ke nan aji ya tashi. Koyarwa kafin baftisma abu ne mai kyau, ikkilisiyar ƙarni na uku ma takan riƙe mutum har shekara uku. Amma a Ayyukan Manzanni, baban Habasha a kan hanya aka yi masa, mai tsaron kurkukun Filibi kuwa a daren da ya ba da gaskiya. Manzanni sun yi gaggawa wajen ruwa, suka ɗauki tsawon rai wajen koyarwa. Mu muna tara dukan koyarwar kafin ruwa, sannan mu saki sabon mai bi daidai lokacin da yaƙinsa ya fara.

Akwai kuma waɗanda muka ajiye a bakin ƙofa. A ƙauyukan Maguzawa da wasu wurare akwai dattawan da bishara ta same su da mata biyu ko uku. Sun tuba, su ne ma suka ba da filin majami'a, amma shekara da shekaru ba baftisma, ba cin jibin Ubangiji. Taron bishop-bishop na Angalikan a Lambet ya hana yi wa irin waɗannan maza baftisma a 1888. Bayan shekara ɗari, a 1988, da matsin bishop-bishop na Afirka, taron ya amince a yi musu, da sharaɗin kada su ƙara aure, kada kuma a tilasta musu su kori matansu. Na tsaya a kan auren mace ɗaya kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar. Amma a ganina, in muka ce wa mutumin da ya tuba sai ya kori uwar 'ya'yansa kafin ya cancanci ruwa, mun sa farashi a kan abin da Allah ya bayar kyauta, mun kuma jefa mace da yara cikin wahala da sunan tsarki. Ya kamata majalisun ikkilisiyoyinmu su sake duba wannan batu da tsoron Allah.

Horo ma haka yake. Littafi Mai Tsarki ya umarce shi, domin a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Amma in yarinyar da ta yi ciki ce kaɗai take komawa bencin baya wata shida, wanda ya yi mata yana yawo abinsa, attajirin da ya danne haƙƙin ma'aikatansa kuma yana zaune a gaba, to an bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan horo ba ya koya wa kowa ƙin zunubi. Ɓoye shi yake koyarwa.

A ɗaya gefen, akwai wa'azin da ya bazu a birane da talabijin, wanda yake cewa tun da muna ƙarƙashin alheri, maganar tuba ta wuce. Fasto Ditrik Bonhofa na Jamus, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya kira irin wannan alheri mai arha a littafin da ya wallafa a 1937. Wannan ita ce ainihin fassarar da Bulus ya ƙi a farkon surar, kuma wanda yake yaɗa ta yana mai da 'yantattu gidan bauta ne yana ce musu sun tsira.

Iyayena fastoci da dattawa, roƙona gare ku shi ne kada ajin baftisma ya tashi ranar da aka fito daga ruwa. Ku haɗa kowane sabon mai bi da wani dattijo ko uwa cikin bangaskiya, wanda zai bi shi aƙalla shekara guda, wanda kuma zai iya faɗa wa faɗuwarsa ba tare da tsoron jin sunansa a sanarwar ranar Lahadi ba. In ya zo muku ya ce ya faɗi, ku fara tuna masa wanda ya fanshe shi, sannan ku taimake shi ya tashi.