AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ɗana Ya Tafi Karatun Noma, Ya Shiga Cikin Makaɗa

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi mai kawo hatsi kasuwar Dawanau. Ya ce ɗansa ya yi sakandare a hannun kawunsa a Fagge, a nan ya koyi goge irin na Turawa wurin wani abokinsa ɗan Sabon Gari. Yanzu yana karatun aikin gona a wata jami'a ta Kudu, kuma ya shiga ƙungiyar makaɗan jami'ar. Malam ya ce su ba su gaji kiɗa ba, shin ya janye masa kuɗin makaranta ne?

To Malam, a yi haƙuri tukuna, kada a yanke hukunci cikin fushi. Irin wannan ƙungiya Turawa na kiranta okestira. Babba takan tara mutum 60 har zuwa 100, kashi huɗu: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa da danginta, masu begila da danginta, sai masu ganguna. Kowa da takardar kiɗa a gabansa yana karantawa, shugaba na tsaye da ɗan sanda yana ba su hannu. Ba sa wasa kowa, ba sa bin gidajen biki. Abin da kake gudu roƙo ne, to babu shi a nan.

Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa tun 1961. A nan gida ma, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Shi kuwa Albert Einstein, Bajamushen nan da ya ci lambar Nobel ta 1921 a fannin kimiyya, mai goge ne tun yana yaro, gogen kuma bai hana shi bincikensa ba.

Amma fa akwai abin lura. Kiɗan nan yana cin lokaci, domin akwai gwaji tare da jama'a, ga na shi kaɗai a ɗaki. Ɗaliban sashen kiɗa maki suke samu da shi, ɗanka kuwa jarrabawar ƙasa da iri da taki ce za ta fid da shi. Taura biyu ba ta taunuwa sai da dabara.

Saboda haka shawarata, ka sa kawunsa ya zaunar da shi. Ya kawo sakamakon kowane zango a gani. In maki ya sauka, a ajiye goge har a gama jarrabawa. Salla kuma a kan lokaci. Batun hukuncin kiɗa a addini, malamai sun yi saɓani, sai ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi. Amma kuɗin makaranta kada ka janye, don in ka janye ka rasa malamin gona, gogen kuma yana nan.

Allah ya shirya mana zuri'a.