Motsa Jiki Da Lafiyar Ƙashi Ga Masu Sankarar Mama



Uwargida shugabar wannan taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa. Ni dai ba likita ba ce, ma'aikaciyar gwamnati ce, aikina bai wuce fayil da biro ba. Abin da ya faru a gidanmu shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama.

Shekara uku da suka wuce aka gano yayata tana da sankarar mama. Aka yi mata aiki, aka yi mata kemo, Allah ya kawo sauƙi. Mu kuwa saboda tausayi muka hana ta taɓa komai. Ko buta ta ɗauka sai mu ce, "Yaya, ajiye, je ki kwanta." Ran nan santsi ya kwashe ta a tsakar gida, faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, amma sai ga karaya a wuyan hannu. Da aka auna ƙarfin ƙashinta, likita ya ce ya yi rauni ƙwarai, kuma kwanciyar da muka tilasta mata ta ƙara dagula lamarin.

Ga yadda ya yi mana bayani. A jikin mace akwai wani sinadari mai suna istirojin, wanda yake kare ƙashi daga zaizayewa. To, yawancin sankarar mama da wannan sinadari take girma, don haka magani yakan rage shi. Kemo yakan ɗauke al'adar mace tun lokaci bai yi ba, ƙwayoyi irin su letrozole da anastrozole kuma, waɗanda akan sha har shekara 5 ko fiye, suna ƙara rage shi. Ta haka ƙashi yake lalacewa a ɓoye, ba zafi ba alama, sai ranar da ya karye. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, domin shi ke hana ciwon dawowa.

Shi ƙashi, ashe sai yana ɗaukar nauyi yake riƙe ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba sai da na'ura ba. Tafiya da ɗan sauri, hawa matakala, tashi da zama daga kujera sau goma, ɗaga gorar ruwa, duk suna cikin lissafi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango tana rage yawan faɗuwa. Da can akan hana mace ɗaga kaya da hannun ɓangaren da aka yi wa aiki don gudun kumburi, amma wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna cewa ɗaga nauyi a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba ya tsananta kumburin. A haɗa da kindirmo, zogale, miyar kuka da ƙananan kifi masu ƙaya, a kuma riƙa ɗan shan hantsi.

Sai dai a kula. Wannan ciwo yakan bazu zuwa ƙashi. Wadda ta ji sabon ciwon baya ko na kwankwaso da ya ƙi tafiya, musamman da dare, ta dakata, ta garzaya asibiti. Kada kowa ta fara atisaye sai ta shawarci likitanta, ta kuma tambaye shi ko akwai buƙatar auna ƙashinta.

Ina hango malamarmu ta wasanni tana murmushi. Malama, mu ne masu ɓuya a bayan ɗakin kwana idan kin busa usur da asuba. A gafarce mu, yau mun gane.

Yanzu kullum bayan la'asar ni da Yaya mukan zaga unguwa. Da minti biyar muka fara, yau muna yin rabin awa. Roƙona gare ku shi ne, duk mai irin wannan majinyaciya, kada ziyararta ta tsaya ga sannu da ledar lemo. Ki ce mata, "Sa takalminki mu ɗan taka." Dama Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa malamanmu da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.