Kada Mu Jira Sai Haƙori Ya Yi Ciwo

Jawabin da aka yi wa jama'ar Sheda, Ƙaramar Hukumar Kwali, Babban Birnin Tarayya



Abin da ya tara mu a nan shi ne lafiyar baki da haƙora. Galibin mutanenmu ba su zuwa wurin likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara. A lokacin nan kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai a cire haƙorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2022 cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma mafi yawansu ana iya kare su tun ba su kama mutum ba.

Da farko bari mu san yadda haƙori ke lalacewa. Wasu na cewa tsutsa ce ke cin sa, har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa za su fitar da ita. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori. In mutum ya sha alewa, ko lemon kwalba, ko shayi mai sukari da yawa, sai su mai da sukarin nan wani ruwa mai tsami wanda ke cin bayan haƙori a hankali har ya yi rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin ba ya ciwo da fari. Sai ya yi zurfi ya kusa jijiya sa'an nan mai shi zai sani. Likita kuwa yana iya ganinsa tun yana ƙarami, ya cike shi, haƙorin ya ci gaba da aikinsa.

Haka kuma dasashi. Dattin da aka bari yakan ƙeƙashe ya yi tauri, har buroshi da asuwaki su kasa fitar da shi, sai dai a kankare a asibiti. In an ƙyale shi, dasashi ya riƙa jini, baki ya yi wari, haƙora su fara girgiɗi. Masu ciwon sukari da mata masu juna biyu su suka fi bukatar kula da wannan. Mai shan taba ko mai ɗura ta a baki, in ya ga gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, to, ya hanzarta a duba shi, domin sankarar baki takan fara da haka.

Iyaye, maganar yara ta fi kowace nauyi. Akwai cutar noma, wadda ake kira ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da ɗan gyambo, amma cikin 'yan kwanaki sai ta ci leɓe da kunci har ƙashi. In ba a yi magani ba, har yara 9 cikin 10 na iya mutuwa. In kuwa an kai yaro da wuri, maganin asibiti da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ba aikin iskoki ba ne. Tun 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a watan Disamba na 2023.

To, me ake so mu yi? A goge haƙora sau biyu kullum, da safe da kuma kafin barci, da buroshi da man goge baki mai fuloraid. Asuwaki al'ada ce mai kyau, a riƙe ta, amma a kai shi har haƙoran ciki. A rage wa yara kayan zaƙi. Uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa. Haƙoran farko 20 ne, kada a raina su don za su zube, su ne ke riƙe wa na dindindin wuri. Sa'an nan kowa ya je a duba bakinsa bayan kowane wata 6, ko aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin ciwon kome.

Ku mutanen Sheda, hanya ba ta yi muku nisa ba. Ku fara da ɗakin shan magani mafi kusa, ga Babban Asibitin Kwali, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda akwai sashen haƙori. Kuɗin dubawa bai kai na cirewa da sa haƙorin roba ba. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa wanda bai zo ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.