Kuɗin Jama'a da Sankarar Yara

A 1962 ɗan wasan barkwanci Danny Thomas ya buɗe asibitin St. Jude a Memphis ta Amurka da kuɗin da ya roƙa wurin jama'a. Har yau iyaye ba sa biyan ko sisi, na magani ko na masauki. Gudummawar ce ke ɗaukar nauyin bincike, kuma ya yi rana: sankarar jinin da a da take kashe kusan duk yaron da ta kama, yanzu tara cikin goma na warkewa a can.

A ƙasashe matalauta kuwa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, yaran da ke tsira daga sankara ba su kai uku cikin goma ba. A irin waɗannan ƙasashe, sankara ta sa muƙamuƙin yaro ya kumbura, a ce hangum ne, sai ya ƙi ci a nufi asibiti, kuɗin allura kuma ya gagara.